Turbar da Ta Bi Gefen Burtali

Shekarar da muka baro Gatawa, a bayan garin Sabon Birni muka sami wurin zama, cikin wata sabuwar unguwa da yawancin mazaunanta irinmu ne, waɗanda 'yan bindiga suka raba da gidajensu. Ni na kama ɗinki a wata rumfa cikin kasuwa. Baba kuwa, wanda bai saba wuni ba tare da ya taɓa ƙasa ba, wani tsohon abokinsa ya ara masa ɗan fili a fadama, bakin gulbi, ya dasa albasa da tattasai.

Daga ƙofar gidanmu ana hango itatuwan bakin gulbin, ana kuma jin kiran sallar babban masallacin gari, amma ba mu da hanyar zuwa ko ɗaya kai tsaye. Wani kwazazzabo ne ya raba mu da gari, bayansa kuma akwai gonar wani Ardo da burtalin da shanunsa ke bi. 'Yar turbar da ta fito daga unguwarmu a bakin kwazazzabon take ƙarewa. Wadda ta taso daga kasuwa ta gangara mashaya tana can ƙetare. Dole kowa ya zagaya ta titin mota, mai keke da mai tafiya a ƙasa, tare da manyan motocin da ke zuwa garin Isa.

Wata ranar kasuwa aka kawo Baba gida a kan babur. Motar hatsi ce ta matse shi, ya kauce, shi da kekensa suka faɗa rami. Wuyan hannunsa ya karye. Mai ɗori yana jan hannun, Baba yana cije baki, sai ya ce, "Na tsira ga masu bindiga, ashe mota ka jirana bisa hanyar albasa."

Inna ta ce fadama kam an gama. Bai yi mata musu ba. Ya koma zama a zaure, ba ya hira, tuwo ma sai an matsa masa. Zaman nan ya fi karayar tayar mini da hankali.

Na kawo maganar a masallacin unguwa bayan la'asar. Na ce da za a haɗe turbar nan tamu da ta ƙetare, da mun huta da titi. Mai unguwa ya ce cike kwazazzabo ba wuya, aikin gayya ya ishe shi, amma ta ina za a wuce in ba ta filin Ardo ba? Sai wani maƙwabcinmu, wanda 'yan bindiga suka kashe ƙanensa a gona, ya ce, "Mu da munka gudo, mu za mu zuwa roƙon Bafillace?"

Kowa ya san Ardon nan a garin aka haife shi, kuma shi ma ɓarayin daji sun kore masa shanu. Duk da haka ni kaina na ji nauyin zuwa, don shekarun nan sun sa mun koyi tsoron juna. Baba ne ya ɗaga hannunsa mai ɗori ya ce, "Ni na faɗi, ni za ni."

Da hantsi muka je, ni da shi da mai unguwa. Ardo ya shimfiɗa mana tabarma a gindin wata tsamiya, aka kawo fura da nono. Mai unguwa ya yi bayani, ya roƙi a bar mu mu bi ta cikin burtali. Ardo ya girgiza kai.

"Cikin burtali kam ba ku bi," in ji shi. "Saniya ba ta san keke ba. Ranar da ta tunkuyi ɗan wani, kun san abin da za a ce, ni ma na sani."

Har na fara neman takalmina, sai na ga ya miƙe ya ɗauki sandarsa, ya ce mu biyo shi. Ya kai mu gefen gonarsa ta gero, ya ja layi da sandar tun daga bakin kwazazzabo har inda gonar ta ƙare.

"Nan za ku bi. Ku dasa itacen aguwa shi zama shinge tsakaninku da shanu." Ya juya wajen Baba. "Malam, matan gidana ma titin nan suka bi da ƙwaryar nono. In sun fita ba ni da kwanciyar rai sai sun dawo."

Baba ya ce, "Allah shi saka da alheri, Ardo."

A bazara muka yi aikin. Wani ɗan kwangila da ke gyaran titi ya bar mana ragowar bututun siminti, muka kwantar da su a cikin kwazazzabon don ruwa ya sami mafita, muka jera duwatsu, muka bi da jar ƙasa. 'Ya'yan Ardo ne suka riƙa ɗauko ƙasar a amalanken shanu. Ranar farko su a gefe suka ci abincinsu, mu a gefe. Daga baya zafin rana ya tara mu inuwa ɗaya. Maƙwabcin nan namu bai taɓa zuwa ba, ba kuma wanda ya ga laifinsa. Muka dasa aguwar, muka kafa turaku a bakin hanyar ta kowane ɓangare don kada mota ta shiga. Faɗinta bai wuce keke biyu su gifta juna ba, amma ta fito daga unguwarmu, ta haɗu da turbar kasuwa, ta gangara har gulbi.

Kafin damina hannun Baba ya warke. Inna da kanta ta taka hanyar har fadama ta dawo, sannan ta yarda a fito masa da keken. Abin da ya rage mini shi ne ruwa, don masu cewa ambaliyar farko za ta kwashe aikinmu suna da yawa.

Ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi ina rumfa, Baba yana fadama wajen shinkafar da ya shuka. Ruwan bai gama tsayawa ba na bar ɗinki na fita da gudu. Tun daga nesa nake jin ƙugin kwazazzabon. Da na iso, na tarar ruwa ja wur yana ta fita ta cikin bututun, ya ɗan ci gefe guda, amma hanyar tana nan. Mata biyu daga gidan Ardo suna ƙetarawa da ƙore a ka, a bayansu ga Baba yana turo keke, rigarsa sharkaf.

Da ya zo tsakiya ya tsaya, ya buga ƙafa a ƙasa, ya sake bugawa.

"Ta riƙe," ya ce. "Gobe a ƙara duwatsu nan gefen." Sannan ya dube ni sama da ƙasa. "Kai kuma wa ka bar wa rumfa?"

Sai a lokacin na tuna ko ƙofa ban ja ba. Na juya na nufi kasuwa ina dariya ni kaɗai, laka har gwiwa.