Tagar Tanni Griet

Tun tana budurwa Tanni Griet ke gasa burodin Jibin Ubangiji na cocin turawan garinmu, amma launin fatarta ya hana ta shiga. A gindin taga take tsayawa da mijinta Klaas, yana bin waƙarsu ƙasa-ƙasa.

Da aka soke dokar wariya, fasto ya zo har kicin ya durƙusa mata.

"Tanni, ki gafarta mana."

"Na yafe tuntuni, ɗan nan. Tashi, ai ka tare min murhu."

Yanzu bencin gaba suke ba ta. Ita kuwa jikin taga take zama, ta buɗe ta ko ana sanyi. Klaas ya rasu bai taɓa shiga ba.