Jar Tuta a Kan Ragar Tsoho

Shekara shida na yi ina tuƙa jirgin masu nutso a Libreville. Maigidana Bature ne, yana da ɗan ofis a unguwar Louis. Duk Asabar sai ya tara mutum takwas ko goma masu son ganin ƙarƙashin teku, in kai su wasu duwatsu da ke cikin ruwa, nesa da gaɓa. Aikina a tsare yake. Da farko in jefa ƙugiyar da ke riƙe jirgi, sannan in kashe inji, sannan in saki balan-balan mai ɗauke da jar tuta mai farin layi a karkace. Sai na gama waɗannan ukun suke goya tulun iskarsu su faɗa ruwa. Tutar ba ta sauka sai na ƙirga kawuna sun cika. Ma'anarta ita ce akwai mutum a ƙasa, kada jirgi mai inji ya shigo cikin mita ɗari, don kada farfela ta sare shi.

A duwatsun nan ne kuma langus ke zama, wato babban jatan landen da otal-otal ke rububi. Wani tsoho mutumin Yawuri yana kafa ragarsa a wurin tun kafin a haifi rabin masu nutsonmu. Alamarsa jarkokin mai ne da ya ɗaure da igiya. Abin da ya mallaka kwalekwale ɗaya ne da inji ɗaya, wanda yake lulluɓewa da tsohuwar riga idan ya sauka. In ba injin, ba shi ba duwatsu, don filafili ba ya kai mutum can.

Masu nutso ba sa son raga. Suna cewa tana kashe kunkuru, tana sarƙe mutum. Kowannensu da wuƙa ɗaure a ƙauri. Idan sun tarar da ta tsohon sai su yayyanka ta, wasu ma su hawo da langus biyu ko uku a jaka. Ina gani, amma ba don in yi magana aka ɗauke ni ba.

Wata Juma'a a masallacin kasuwar Mont-Bouët, an idar da salla ina neman takalmina, tsohon ya riƙo hannun rigata.

"Ɗana, kai ne mai jirgin Turawa?"

"Ni ne, Baba."

"Raga uku suka cinye mini. In na taho dubawa sai ka miƙe kana ɗaga mini hannu kamar ɗan sandan mararraba." Mutanen da ke kusa suka yi dariya. "Wai me ke cikin jan ƙyallen nan naku?"

"Doka ce. Inda aka kafa shi, abin da ke ƙasa yana da mai shi. Ba mai matsowa sai an sauke."

"Ko Bature?"

"Ko Bature."

Na ga yadda ya ɗauki maganar. Ban gaya masa cewa mutum mai numfashi kaɗai ake kafa wa tutar ba, kuma ina sane ban gaya masa ba. Ya tambayi girmanta, na auna masa da hannu, taƙi biyu. Ya tambayi inda farin layin ke farawa, na nuna masa. Ya yi godiya, ya shiga layin teloli. A raina na ce wanda ya shekara arba'in a kan ruwa bai san tuta ba, kuma ya sa aka yi mini dariya a bakin masallaci, ba ni ne malaminsa ba.

Asabar ta biyu bayan haka muka isa duwatsu muka tarar da tutoci huɗu sababbi ƙal, kowace a kan jarka. Tsohon yana gefe cikin kwalekwalensa, ya harɗe hannu. Da ya hango ni ya ɗaga murya:

"Ɗana, mita ɗari! Ko Bature!"

Maigida ya tambaye ni me ya ce, na fassara. Masu nutso suka yi ta dariya, har wata ta cire gilashin idonta tana share hawaye. Maigida bai yi dariya ba. Ya ce idan masunta suka saba ganin tuta a kan raga, wata rana za su bi ta kan tutar gaskiya. A wannan yana da gaskiya. Ya ɗauki hotuna, ya ce in tsaya a tsakiyar jarkokin. Na jefa ƙugiya, na kashe inji, na saki tutarmu. Suka faɗa ruwa.

Ba a yi minti goma ba jarka ta farko ta fara tafiya da igiyarta a yanke, tutar na kaɗawa. Ta biyu ta bi ta. Tsohon ya miƙe, ya fizgi igiyar injinsa, ya nufo mu yana ihu. Ya shigo cikin mita ɗarin, ya bi ta kan kumfar numfashin mutum biyu. Allah ya kiyaye, bai taɓa kowa ba. Maigida yana tsaye da waya yana ɗauka.

Ranar Talata jami'an ruwa suka kira mu. Faransancin tsohon na kasuwa ne, don haka na zama shaida kuma tafinta. Jami'in ya kalli hotunan, ya kalli furfurar tsohon. Ya ce idan rashin sani ne, gargaɗi ya isa. Sai ya tambaye ni ko akwai wanda ya taɓa yi wa tsohon bayanin tutar.

Tsohon ya taɓa gwiwata. "Ɗana, gaya masa yadda ka gaya mini."

Na ce wa jami'in, "Ni na yi masa bayani, ranar Juma'a, a gaban mutane."

Ya rubuta. Tsohon yana gyaɗa kai, yana ganin na wanke shi. Bai gane ba sai da muka sauka bakin ruwa, ma'aikata biyu suka fara kwance injin daga bayan kwalekwalensa. Suka cire tsohuwar rigar suka miƙa masa. Aka ce zai karɓi injin idan ya kawo wasu takardu, waɗanda bai taɓa mallaka ba.

Bai sake zuwa duwatsu ba. Yanzu yana zaune inda masunta ke sauke kifi, yana kankare wa matan da suka saya ɓawon kifin. Idan na wuce ina cewa, "Sannu, Baba." Ba ya ɗaga kai.

Tutoci uku na tsamo ranar Asabar ɗin. Maigida ya ce in zubar, ban zubar ba, don ba na son ɓarna. Da tamu ta koɗe sai na ɗaura ɗaya daga cikinsu. Telan ya yi mata ɗinki biyu a baki, ta yi mana damina biyu ba ta yage ba.