Malamar da Ta Je Ƙarshen Duniya Ba Ta Sauka Ba

Wata rana, ana gab da kiran la'asar, wata dattijuwa ta turo ƙofar ofishinmu ta shigo da sallama.

Ina aiki a wani kamfanin shirya tafiye-tafiye a Kaduna. Aikinmu kusan kullum iri ɗaya ne: Umara, Dubai, sai masu zuwa Masar ganin likita. In na ga tsohuwa da carbi a hannu, kafin ta zauna na riga na jawo takardar Umara.

Haka na yi mata.

Ta dubi takardar, ta turo min abata da ɗan yatsa.

"Na je sau huɗu, 'yar nan, Allah ya karɓa. Antatika nake son zuwa."

Na yi dariya, Allah ya yafe min. Ita ko murmushi ba ta yi ba.

Zan kira ta Malama Yalwa, ko da yake ba shi ne sunanta ba. Shekara talatin da huɗu ta yi tana koyar da labarin ƙasa a makarantar 'yan mata ta gwamnati. Ta yi ritaya, mijinta ya rasu, 'ya'ya kowa ya kama gabansa. Shekarunta saba'in da ɗaya a lokacin.

Ni da nake cin abinci da sana'ar tafiya, ranar ita ta sa ni a aji.

Na nuna mata cewa akwai tafiya ta arewa ma, wadda ta fi kusa, ta fi sauƙi, ana zuwa ta ƙasar Norway. Ta girgiza kai kamar na faɗi jarrabawa.

"Ƙarshen duniya ta arewa teku ce da ta daskare, ƙasashe sun kewaye ta. Ta kudu kuwa ƙasa ce, nahiya guda, teku ta kewaye ta. Ni ƙasa nake so."

Na ce to.

"Kuma ba kallo nake so ba. Shekara talatin da huɗu ina zana ta a ƙasan allo, ina ce wa yara akwai ta. So nake in sa ƙafata a kanta, ko na minti biyar ne, kafin Allah ya karɓi abinsa."

Sau uku ta dawo ofishinmu.

Mun yi bincike ni da ita. Sai a hau jirgin sama a je can ƙarshen Ajantina, daga nan a shiga jirgin ruwa, kwana biyu ana ratsa teku mai faɗa. Ba a zuwa sai tsakanin Nuwamba da Maris, lokacin da sanyin can ya ɗan sassauta.

Sannan akwai ƙa'ida ɗaya wadda komai ya rataya a kanta. Jirgin da ya ɗauki fasinja fiye da ɗari biyar ba ya sauke kowa a nahiyar. Zai kai ka, ya zagaya da kai, ka ga komai daga inda kake tsaye, ya juyo da kai gida. Ƙananan jirage ne kawai ke zuba mutane a kwalekwalen roba su kai su gaɓa.

Malama ta zaɓi ƙarami. Fasinjansa ba su kai ɗari biyu ba, ɗakunansa matsattsu, babu wani ƙyale-ƙyale.

Ta je likita ya auna ta ya sa hannu. Ta fara zagaya unguwarsu da ƙafa kullum bayan asuba don gwiwoyinta su saba. Ofishinmu a hawa na biyu yake, in na sauko zan kama mata hannu sai ta ce in koma in zauna, atisaye take yi.

Ƙanenta, wani dattijo mai haƙuri, ya yarda zai raka ta.

Na tambaye ta wa zai ɗauki nauyin tafiyar.

"Wancan na Abuja," in ji ta.

Na ce sunansa fa, zan rubuta a takarda. Ba ta faɗa ba. Ta buɗe jaka ta miƙo min katinsa, tana kallon bango.

Nan na gane ɗan farinta ne.

Kun san abinmu. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi, ba ta dubansa ido cikin ido. Tun da aka yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi, a hannunta ya girma. Matar da ta tsaya gaban ɗalibai dubbai tana tsawa, in aka ambaci wannan ɗa ɗaya sai ta koma kamar amarya a gaban surukai.

Shi ne ya ji a bakin ƙannensa cewa Hajiya na son zuwa ƙasar ƙanƙara, ya ce ya ɗauka. Iyakar abin da ya sani ke nan.

Ranar da za a kammala komai suka zo tare. Zan kira shi Injiniya Nafi'u.

Kada ku ɗauka mugun mutum ne, don ba shi ba ne. Shi ya jawo mata kujera, ya jira ta zauna kafin ya zauna, ya ɗan juya kujerarsa gefe don kada su fuskanci juna. Mutum ne mai son mahaifiyarsa, kuma mai son a san yana son ta.

Na ajiye hoton jirgin da muka zaɓa a gabansa.

Ya ɗaga, ya juya, ya ajiye, ya dube ni.

"Wannan? Haba Malama. Ai wannan da jirgin masunta babu bambanci. Babu manya ne?"

Na ce akwai, ranka ya daɗe, amma...

"Nuna min mafi girma."

Na nuna masa. Hawa goma sha biyu, fasinja sama da dubu biyu, da asibiti a ciki, da na'urar hawa bene, da wuraren cin abinci har ban san adadinsu ba. Idonsa ya yi haske.

"Yawwa. Irin wannan ne ya dace da Hajiya."

Na ce, "Ranka ya daɗe, shi wannan ba ya sauke fasinja. Daga cikin jirgi ake kallo."

"Ai ya ma fi. Dama wa zai bari mace mai shekarunta ta shiga kwalekwale a cikin wannan sanyi? In wani abu ya same ta, me zan ce wa dangi? A ce ina da hali na cusa uwata a ƙaramin jirgi?"

Sannan ya yi tambayar. Bai dube ta ba, teburina ya duba.

"Hajiya, ya yi ko?"

Na juya ina kallonta. Kalma huɗu kawai ake bukata. Ƙaramin nake so, ɗana.

Ta sunkuyar da kai.

"Duk wanda aka zaɓa daidai ne. Allah ya yi albarka."

Na buɗe baki zan ce amma Hajiya ta gaya min, sai na ji hannunta a ƙarƙashin tebur ya damƙe wuyan hannuna. Ban san tsohuwa na da ƙarfi haka ba.



Da hannuna na cike takardar babban jirgin.

Washegari na kira ta. Na ce Hajiya har yanzu ana iya sauyawa, ki bar ni in yi masa bayani, ko mu tura ƙanenki ya faɗa masa.

"Kul," in ji ta. "Yaro ya yi abin arziki a gaban mutane, sai in aika a ce masa bai iya ba? Ki bar shi. Wataƙila in an je su tausaya su sauke mu."

Ta fi ni sanin ba za su sauke ba. Ita ta fara karanta min ƙa'idar.

A watan Janairu suka tafi, ita da ƙanen nata. Injiniya ya cika shafinsa na sada zumunta da hotunan da ake turo masa: Hajiya a bakin jirgi, Hajiya a ɗakinta mai baranda, Hajiya da tulin abinci a gabanta. Jama'a suna ta zuba addu'a, Allah ya ba mu 'ya'ya irinka. Ni ma na danna alamar so, don munafuncina bai gaza na kowa ba.

Bayan ta dawo da kamar wata guda ta zo ofis. Wannan karon da na sauko ta bar ni na kama mata hannu.

Ta kawo min tsaraba, wani ɗan kofi mai hoton tsuntsayen can, masu tafiya a tsaye kamar sun sa baƙar riga a kan farar taguwa.

Na rasa ta inda zan fara. Na ce, "Hajiya, kin gan ta?"

"Na gan ta."

"Yaya take?"

"Kamar yadda take a littafi. Sai dai wannan karon da sanyi."

Ta murza carbinta. Sannan ta ba ni labarin rana ta uku.

Jirginsu ya tsaya a wani mashigi, ruwa ya kwanta lumui. Can gaba kaɗan ga wani ƙaramin jirgi, kwalekwale na ta kai da kawowa tsakaninsa da gaɓa. Ta karɓi madubin hangen nesa a hannun wani Bature. Ta ga mutane cikin jajayen riguna suna tafiya a kan ƙanƙara, ɗaya bayan ɗaya.

"Akwai wata a cikinsu, 'yar nan, da sanda biyu take tafiya. Wallahi ta girme ni. Na ga ta tsaya, ta durƙusa, ta dafa ƙasa da hannunta."

Na ce sai me kika yi?

"Na mayar wa mutum abinsa na koma ɗaki. Aka buga ƙararrawar abinci."

Raina ya ɓaci. Na ce Hajiya mu sake shiri, baɗi ma shekara ce, ni da kaina zan je Abuja in same shi.

Ta yi 'yar dariya.

"Ki ce masa me? Ya kai ni. Kowa ya ga ya kai ni."

Ba a yi baɗin da ita ba. Da damina ta faɗi a banɗaki, ƙugu ya karye, ba ta ƙara tashi ba. Kafin Nuwamba ta zagayo an kai ta makwancinta.

Na je ta'aziyya ranar uku. Da zan fita na tarar da Injiniya a ƙofar gida cikin mutane, ya rame, idonsa jawur. Ya gane ni, ya taso da kansa.

"Malama, na gode da ɗawainiyar da kika yi da Hajiya. Abin da ke sanyaya min zuciya ke nan. Burinta ɗaya a duniya, kuma Allah ya ba ni ikon cika mata shi."

Ya juya ga mutanen da ke kan tabarma.

"Wallahi babu abin da Hajiya ta taɓa nema a wurina ban yi mata ba."

Suka ce Allah ya saka da alheri. Ni ma na ce Allah ya saka da alheri.

Kuma ba ƙarya ya yi ba. Ba ta taɓa neman komai a wurinsa ba.

Darasi:

Muna yabon kunya, muna yabon kawaici, har muna alfahari da uwar da ba ta iya buɗe baki gaban ɗanta. To ga abin da ya jawo. Mace ta ratsa rabin duniya, ta tsaya tana hangen abin da ta yi shekaru tana so, tsakaninta da shi bai wuce tafiyar minti goma a kwalekwale ba.

'Ya'ya, mafi girma da mafi tsada ba lallai shi ne abin da iyayenku ke so ba. Wani lokacin ku ne kuke so, don a gani. In uwa ta ce "duk wanda aka zaɓa daidai ne", ba ta ba ku amsa ba tukuna. Ku tura wanda take iya yi wa magana ya tambayo muku, sannan ku saurara.

Iyaye, ku faɗa. Ɗanku ba ya duba, ba zai san abin da ke ranku ba.

Mu kuma da ke tsakiya, masu sani mu kama baki don kada a ce ba mu da ladabi, namu laifin ya fi. Ni na san komai ranar, ƙafata ƙalau, bakina ƙalau. Tsohuwa ta riƙe min hannu na ji daɗin samun uzuri. Har yau abin na ci na, kuma ban ga ranar da zai daina ba.

Na san in Injiniya ya ga wannan rubutu zai gane kansa. Na daɗe ina juya hakan a raina. Ya yi haƙuri, yana da 'ya'ya, wata rana shi ma za a yi masa zaɓi.

Ku yi wa Malama addu'a. Sannan ku tura wannan ga duk wanda mahaifiyarsa ke raye, musamman 'ya'yan fari, tun tana iya hawa bene da ƙafarta.