Farin Kashin Kurar Jiratawa

Shekaranjiya bayan ruwa na ga sawun kare a yashin gulbi wajen Tibiri, sai ga ni durƙushe ina auna shi da tsinke. Haka Kawu yake yi, tsohon maharbin nan.

Shekarar da jam'iyyu suka fi mutanen Maraɗi yawa, ni ke tuƙa wani malamin jami'a mai binciken kuraye. Wata rana Malam ya rufe littafinsa, ya ce kura ta ƙare a Jiratawa, gobe zai koma Yamai. Kawu, mai yi mana jagora a daji, ya roƙi yini guda.

Muka bi shi cikin rana har takalmina ya narke. Bakin wani rami ya tsinci kashi fari fat kamar alli, ya murje, ya kai hanci.

"Na jiya ne, Malam. Ƙasusuwan da kurar ta ci suka sa ya yi fari."

Ya miƙo mini. Na ce, "Kawu, na ƙoshi!" Ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Malam ya ƙara wata uku.

Yau wurin ya zama gonar albasa. Da Kawu zai sake miƙo mini, wallahi da hannu biyu zan karɓa. Allah Ya sanyaya makwancinsa.