Hawainiyar Kaka Nomau

Duk wanda ya san Kaka Nomau ya san ba ya gaida mutum da safe sai ya gaida bindigarsa. Zai fito da ita ƙofar ɗaki, ya ɗora ta bisa cinya, ya shafe ta da man gyaɗa, ya ce, "Hawainiya, kin tashi lafiya?" Sai ya ɗan saurara kamar mai jiran amsa, sannan ya waiwayo ya ce da mu, "To, ku fa?"

Jibi ne sadakar arba'in ɗinsa. Na ji Baba yana cewa da an watse zai kai bindigar maƙera a sare ta a yi hauya. Ni ba na iya magana gaban manya. Shi ya sa na rubuta wannan a takardar lakol, makarantarmu ta boko, a karanta muku kafin a yanke shawara.

Kun san ta. Adaka ce, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, ya gaje ta wurin mahaifinsa. Kun kuma san aibinta: in aka ja kunama ba ta tashi nan take. Sai ta ce ƙyas, ta yi shiru, ta yi ɗan huci, sannan dum! Mahalban garin Kona sun sha yi masa dariya a kanta. Ranar da Baba Mati, abokin halbinsa, ya dawo daga Maradi da sabuwar bindiga mai harsashi, har gida ya zo yi masa kuri.

"Nomau, ka yar da tsohuwar nan. Kafin ta gama shawara barewa ta kai Mayahi!"

"Taka fa?"

"Tawa? Kafin ka ƙifta ido ta gama aiki."

Ba a yi wata biyu ba Baba Mati ya ga motsi cikin sabara ya saki wuta, ashe jakinsa ne. Kaka ya sa babbar riga ya tafi ta'aziyya, ya zauna, ya shafa fatiha, ya ce, "Lalle ta gama aiki, Mati. Ni tawa da ta ba ni lokacin ganin kunnuwa."

Daga nan in an tambaye shi wace bindiga ce ta ajiya, amsarsa ɗaya: wadda ke barin mutum ya sake tunani.

Tsimi kuwa, wayyo! Dunƙulen ƙarfe guda gare shi a madadin harsashi, shi yake ɗurawa shekara da shekaru. In ya kayar da dabba zai tsaya kan mai fiɗa har a ciro masa abinsa. Sau ɗaya aka rasa shi, sai ga shi a bakin surukin Baba, ana tsakiyar cin tuwo. Bawan Allah ya dafe kunci, hawaye na zuba. Kaka ya miƙa masa tafin hannu.

"Tofo shi nan, ɗana. In ka haɗiye, wallahi da buta zan biyo ka."

Da aka shiga fari, kun tuna yadda muka koma jiƙa 'ya'yan anza masu ɗaci muna ci. Wata safiya ya ɗura Hawainiya ya shiga daji, mu duka muna ta haɗiyar yawu. La'asar ya dawo hannu wofi. Iya, matarsa, ta tare shi a bakin danga.

"Malam, ina naman?"

"Na sami barewa a busasshen tabki tana lasar laka, haƙarƙari duk a waje. Ba a halbin mai ƙishirwa."

"Mu fa, ƙoshi ke damunmu?"

Ya yago jan tsumma ya toshe bakin bindigar. Kowane yaro a garin nan ya san ma'anar jan tsumma: a ɗure take, kada a taɓa. Baba ya ce ya halba ta sama ta huta. Kaka ya ce, "Albarushi na zuba, ba toka ba. In an yi ruwa dabbobi suka yi ƙiba, tana nan tana jira." Haka ta zauna a ɗure, ruwan bai zo ba.

Sai soja suka karɓi mulki, aka ce an hana halbi, kowa ya kai bindigarsa. Baba Mati ya kai tasa da sauri. Kaka ya ce, "Tsohuwa ce, ba ta tafiya. Mai son ta ya zo ya gaishe ta."

Suka kuwa zo. Da hantsi ne, ina gida hutun lakol. Masu kaki uku cikin mota. Babbansu ya ba da takarda da faransanci, Kaka ya kira ni da sunan da yake tsokanata da shi: "Madamu, zo ki karanta mana abin da muka yi." Na tsaya jikin rumbu ina karantawa.

Ƙaraminsu, wanda bai fi yayana ba, ya shiga ɗaki ya fito da ita. Ya juya ta, ya nemi inda ake sa harsashi kamar a tasu, bai gani ba. Ya zare jan tsumman ya goge takalminsa da shi.

Kaka ya ce, "Ɗana, a ɗure take."

"Wannan? Baba, ai sandar korar awaki ce!"

Ya ɗora ta a kafaɗa yana dariya, yana juyawa da ita, yatsansa bisa kunama. Na rantse ba ni ya nufa ba, ko kallona ba ya yi. Amma da na ɗaga kai daga takardar, bakinta na gani yana kallona.

Ƙyas.

Suka fashe da dariya, su a ganinsu ta ƙi tashi. Ni na ji hucin. Na san abin da ke biye, amma ban gusa daga wurin ba. Tsohon nan da sai an kama shi yake tashi daga tabarma, ban ga tashinsa ba. Na dai gan shi ya cafke bakinta da hannu biyu ya fizgo ta ƙasa, wajen kansa.

A cinya ta same shi. Yana kwance cikin ƙura, yaron ya durƙusa yana kuka, Iya tana salati, shi kuwa ni yake nema da ido.

"Madamu, kin gani? Da ta Mati ce, da yanzu wani zance ake."

Su suka ɗauke shi a motarsu zuwa gidan likita na Tasawa. Bindigar suka bar ta nan ƙasa, har yau ba wanda ya dawo nemanta. Da aka ciro ƙarfen sai da ya yi rigima aka wanke aka ba shi. Kwana tara ya yi kafin ya cika. Ranar ta takwas ya damƙa mini shi a hannu, ya ce, "Ki adana, har yanzu da sauransa."

Baba, ka ce ita ta kashe mahaifinka, kuma ban ce ƙarya ka yi ba. Ni ma tsoronta nake ji. Ko ashana aka ƙyasta kusa da ni sai na dafa bango. Amma ni ce na tsaya gabanta, kuma na san ta jira. Ta jira daidai tashin tsoho daga tabarma. In hukuma kake tsoro, a cire kunamar a jefa a rijiya. Sauran a bar mini, a rataye inda take, bakinta a buɗe ba tsumma. Ni zan riƙa shafa mata mai.

Yau da safe na kai har ƙofar ɗakin. Ban iya shiga ba tukuna. Daga waje na tambaye ta ko ta tashi lafiya, na kuma saurara kaɗan, yadda yake yi.

Allah ka jiƙan Kaka Nomau. Yadda ya ƙyale mai ƙishirwa, ka shayar da shi. Ka yi masa jinkiri wurin hisabi, ka gaggauta masa rahama. Amin.