Amsar Malam Habu Daga Riyad

Litinin: daga gida zuwa Jidda

Na bar gida ƙarfe huɗu da rabi na asuba, na yi salla a tasha, na shiga motar farko zuwa Kano, kilomita casa'in. Shinge uku muka wuce. A na ƙarshe ɗan sanda ya ga jakata ya ce, "Alhaji, a sa mu a addu'a a Ka'aba." Na ce, "Riyad za ni, yallaɓai, can sai kasuwa."

Na saba zuwa Riyad saro turare da darduma, amma wannan karon aike ne. Kwamitin iyaye na firamaren garinmu ya ba ni wasiƙa in kai wa Malam Habu, tsohon hedimastanmu, in lallashe shi ya dawo. Ni aka zaɓa domin ni na yi sanadin tafiyarsa.

A zamaninsa yaro ba ya shiga aji biyar sai ya tsaya gaban iyaye ya karanta wasiƙar da bai taɓa gani ba. Ƙaramar hukuma ta san da haka, ba ta hana ba. Shekara tara da suka wuce ɗana Nasiru ya kasa, Malam ya ce ya maimaita aji. Na ji kunya a gaban mutane, na tara sa hannu, na kai ƙara ma'aikatar ilimi ta jiha cewa wani hedimasta yana kafa dokar kansa. Aka soke karatun wasiƙa, aka ce jarrabawar jiha kaɗai za a bi, wadda yaro ke zaɓen A ko B ko C. Aka mayar da Malam wani ƙauye mai nisa, ya ajiye aiki, ya samu bizar aiki ya tafi. Tun daga nan kowa cin jarrabawa yake yi, har wanda bai iya rubuta sunansa ba.

Jirgi ya tashi sha ɗaya, muka sauka Jidda da yamma. Na kwana a ɗakin riyal tamanin.

Talata: Riyad

Awa ɗaya da rabi a sama, muka sauka ƙarfe tara. Mamman, wani direba ɗan Maraɗi, ya ɗauke ni, kilomita talatin da biyar zuwa cikin gari, riyal hamsin. Na tambaye shi ko ya san Malam Habu.

"Wa bai san shi ba? Shi ke karanta mana takardun kafil, wato ubangidan da ya ɗauke mu aiki, kafin mu dangwala hannu. Ya hana ni sa hannu a wata takarda da za ta cinye mini hutun shekara. Ɗan'uwanka ne?"

"Malamin garinmu ne."

"Kuka bar wannan ya taho? Ku 'yan Najeriya akwai wasa da arziki."

Muka ratsa dogayen benayen unguwar Ulaya, na sauka a masauki a unguwar Murabba, na karya da gurasar tamis da wake, riyal biyar.

Laraba: unguwar Dira

Na sami Malam Habu a kantin darduma bayan tsohuwar fadar Masmak, yana rubuta rasit da Larabci. Ya yi furfura. Ya dube ni ya ce, "Alhaji Sale! Yaya Nasiru?" Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Aka kira azahar, aka ja ƙofofin kantuna, muka yi salla. Ya kai ni wurin cin kabsa, shinkafa da nama irin tasu, ya hana ni biya. Na miƙa masa wasiƙar, na ce, "Malam, ni na yi kuskure. Sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ya yarda a mayar da kai. Gida kuma ni zan ba ka."

Ya karanta har ƙarshe, ya ninke.

"Idan na koma, na ce yaro bai isa aji biyar ba, takardar jiha ta ce ya isa, maganar wa za a bi?"

Na ce, "Ta jiha."

"To mai gadi kuke nema, Alhaji, ba hedimasta ba. Kuma kada ka ce jiha ba ta da gaskiya ko kaɗan. Akwai garuruwan da hedimasta ke wuce ɗan mai kuɗi, ya danne ɗan talaka, dole a sa musu ido. Amma sa ido daban, karɓe makaranta daban. Wanda ke ofis bai san Nasiru ba. Ni na san shekara ɗaya tak ta rage masa ya iya karatu."

Ya yago wata takarda ya yi rubutu, ya liƙe ambulan. "Kada ka buɗe. Ka ba ɗan makaranta ya karanta a gaban kwamiti."

Alhamis na yi sarina, na ba da kaya a aiko. Asabar na kamo hanya.

Lahadi: gida

Na iso ƙarfe huɗu na yamma. Bayan la'asar kwamiti ya zauna a harabar makaranta. Muka kira yara biyar 'yan aji shida, waɗanda suka fi maki a jarrabawar jiha. Ɗaya ta kai ƙarshen sallama ta tsaya, sauran ko nan ba su kai ba. Wani dattijo ya ce a kira Nasiru daga kantina, tunda har sakandare ya gama. Ya karɓa, ya bi layin farko da yatsa, yana haɗa baƙi da baƙi. Na karɓe takardar don in rufa masa asiri, na karanta da kaina:

"Bayan gaisuwa. Idan ɗan makaranta ne yake karanta muku wannan, ba ku buƙatata. Idan Alhaji ne, to ya koma inda ya kai ƙara ya karɓo muku abin da ya kai, sannan ku kira ni."

Sau biyu na je ma'aikatar ilimi ta jiha tun daga ranar. An karɓi takardata ta neman a dawo da karatun wasiƙa, an ce a saurara.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Mamman, da Malam Habu da ya ciyar da ni bai goranta mini ba. Nasiru kuma yanzu kowace safiya, kafin mu buɗe kanti, yana zama da wasiƙar nan. Ya kai layi na biyu.