Alƙiblar Ɗakin Aro

Duk wanda ke shiga sito-siton Dubai Investments Park, can ƙarshen gari inda gine-gine ke ƙarewa rairayi ya fara, ya san Malam Sanda mutumin Gumel. Dogo ne siriri, ba ya ɗaga murya ko da kaya sun faɗo masa a ƙafa. Aikinsa ɗaurin kaya: tayil, famfo, kwanon wanke hannu, ya naɗe su da leda, a zuba a kwantena a kai bakin ruwa. Ya zo garin nan gemunsa baƙi ƙirin, yanzu furfura ta ci fiye da rabi.

Garin kuwa kamar igiya yake da aka shimfiɗa a gefen teku, ruwa ta nan, hamada ta can. Ka tashi daga Dubai ka shiga Sharja ka wuce Ajman, ba ka ga inda wani ya tsaya wani ya soma ba. Mutane maƙil, amma sai ka wuni ba ka gaisa da ɗan ƙasa ba. Indiyawa, Bangalawa, Filifinawa, mu, kowa da abin da ya fito nema. Masu babban albashi suna sama kusa da ruwa, masu ɗaurin kaya suna baya wajen rairayi. Malam Sanda na baya. Gadonsa na ƙasa ne a ɗakin da kamfani ya ba su, shi da wasu maza, kowa ya rataya zani ya yi labule.

Wannan ne Hadijatu matarsa ba ta sani ba. Tun shekarar farko ya ce mata ya samu wuri, ita kuma ta ɗauka gida ne, shi kuma bai gyara ba. Magana ta yi ta girma a Gumel har ta zama fulat mai falo da kicin. In zai kira ta a bidiyo, sai ya fita ya jingina da bangon masallaci.

Ana nan sai yayanta Alhaji Ɗalhatu ya aiko cewa zai biyo ta Dubai sayen yadi a Bur Dubai. Baƙo daga garinku, kuma yayan matarka, ba a barinsa a otal. Malam Sanda ya rasa inda zai sa kansa. Daga ƙarshe ya cire kunya ya sami Izzuddeen, wani injiniya ɗan Kano da suke haɗuwa a Juma'a, wanda zai yi tafiya a makon. Izzuddeen ya yi dariya ya miƙo makulli.

"Baba Sanda, ai gidanka ne. Kada dai ku shanye mini shayi."

Fulat ɗin yana International City, kusa da babbar kasuwar 'yan China. Malam Sanda ya je da wuri ya koyi inda cokali yake, inda ake kunna ruwan zafi, ya rataya rigunansa biyu a bayan ƙofa. Duk ya koya, sai abu ɗaya da bai zo masa a rai ba.

Alhaji Ɗalhatu ya iso, ya ci shinkafa, ya dubi labule da kujeru ya ce, "Ma sha Allah, Sanda, ashe ka zauna." La'asar ta yi, suka yi alwala. Alhaji ya ɗauki darduma ya tsaya.

"Ina alƙibla?"

Da lif da lungunan bene, kan Malam Sanda ya juye, bai san ina rana take ba. Waya na aljihu, amma wa ke duba waya don neman alƙiblar ɗakinsa? A ɗakinsu na kamfani, bangon da esi mai sanyaya ɗaki yake a kai shi ake fuskanta. Hannunsa ya tafi da kansa ya nuna bangon esi.

"To bismillah, mai gida shi ke limanci," in ji Alhaji.

Suna sallamewa aka ƙwanƙwasa ƙofa. Sualah ne, maƙwabci, ɗan Gana mai aikin gadi, ya dawo da dutsen guga da ya ara. Ya dubi dardumai ya dafe kai.

"Ah, Baba, kun ba Makka baya fa! Nan ne, wajen taga. Mai ɗaki bai gwada muku ba? Yaushe zai komo?"

Sualah ya dubi fuskokinsu. Ya ajiye dutsen guga ya ja ƙofa a hankali.

Malam Sanda ya zauna a kan darduma, idonsa a ƙasa, gumi na bin wuyansa duk da sanyin ɗakin. Ya jira faɗa. Alhaji Ɗalhatu bai yi faɗa ba, ya sa hularsa kawai.

"Tashi ka kai ni inda kake kwana."

"Yaya, da nisa."

"Daga Gumel na zo, Sanda."

Suka shiga bas, suka hau jirgin ƙasa. Dogayen benaye na gilashi suka yi ta wucewa, teku na leƙowa ta tsakaninsu, sannan benaye suka gajarce, sito-sito suka fara.

A ƙofar ɗakin takalma sun yi tsibi. Ƙamshin albasa da yaji ya cika baranda. Wani Babangale ya ga baƙo mai babbar riga, ya tashi da sauri ya kaɗe gado, ya kawo shayi a kofin roba. Alhaji ya zauna a gadon Sanda, sai da ya sunkuya don kada kansa ya bugi na sama. Ya daɗe yana duban zanin labule, don ya gane shi, na Hadijatu ne.

Suka sake La'asar, wannan karon ba tambaya. Bayan addu'a Alhaji ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ka san abin da take faɗa wa mata? Wai mijinta na da gida a Dubai, amma bai taɓa cewa ta zo ko na mako ɗaya ta gani ba. Tana zaton kunyar nuna ta kake yi, don ba ta yi boko ba. Ta sha kuka a gabana kan wannan."

Malam Sanda kuwa, shi tunaninsa mutuncinta yake karewa.

"Ni ba zan faɗa mata ba," in ji Alhaji. "Ba bakina ya fara ba." Ya danna lambarta ya ɗora masa wayar a cinya.

Wayar ta yi ta ƙara. Babangalen ya kashe rediyonsa ya ja abokansa waje. Fuskar Hadijatu ta fito, tana gyara mayafi.

"Yaya, ka sauka lafiya? Au, Malam, kai ne? Ina ne nan, duhu haka?"

Ya share fuska da hannun riga.

"Hadijatu, ki nemi wuri ki zauna tukuna."